Auren jinsi a Amurka: jiha ce ke da hurumi ko tarayya, kuma me ya raba kan masu riƙo da addini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin shari'a ne, kuma akwai abin da ya ɗaure min kai game da Amurka. Na san Kiristocin can masu riƙo da addini ba su yarda da auren jinsi ba. To amma sai in ji wasunsu na cewa a bar kowace jiha ta yanke wa kanta, wasu kuma na cewa a rubuta haramcin a kundin tsarin mulkin ƙasar baki ɗaya. Wanne ne ainihin matsayinsu? Kuma a dokar can, wa ke da hurumi a kan aure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun matsayinsu ne, kuma ba kuskuren ji ka yi ba. Mutanen nan bakinsu ɗaya a kan mene ne aure: namiji da mace, tsarin da suke ganin ya girmi kowace gwamnati. Inda suka rabu shi ne a hannun wa za a damƙa tsaronsa. Kuma in ka bi tarihin daga 1993 zuwa yau, za ka ga mafi yawansu suna karkata ne zuwa duk inda suke da rinjaye a lokacin. Abin da bai taɓa sauyawa a wurinsu ba shi ne ƙin yarda alƙali ya yanke maganar. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka riƙe hurumin jihohi a matsayin aƙida, har a ranar da riƙon ya cutar da ɓangarensu, kuma su ne nake ganin sun fi hangen nesa.

Mu fara da doka. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci aure ba ko sau ɗaya. Gyara na 10 ya ce duk ikon da ba a bai wa tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a. Saboda haka mai son aure ofishin magatakardan gundumarsa yake zuwa ya karɓi lasisi, kuma dokar jiharsa ce ke faɗin shekarun aure, da sharuɗɗan saki, da wanda ya haramta ya aura. Bambancin ba ƙarami ba ne. Kusan rabin jihohin sun hana auren 'ya'yan wa da ƙani, irin auren zumuncin da muka saba da shi, alhali a Kalifoniya da New York halal ne a doka. Al'adar kotunan can tun da daɗewa ita ce auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi ya inganta ko'ina, sai dai in ya yi karo mai tsanani da manufar jihar da aka koma.

Amma tarayya tana da ƙofofin shiga. Ita ke karɓar harajin kuɗin shiga da na gado, ita ke biyan fanshon tsufa da haƙƙin iyalan soja, ita ke ba miji ko mata takardar zama a ƙasa, don haka dole ta san wa za ta ɗauka a matsayin ma'aurata. A 2004 ofishin binciken kuɗi na majalisa ya ƙirga wurare 1,138 a dokokin tarayya da matsayin aure ke tasiri a cikinsu. Sannan akwai sashe na 4 na kundin, wanda ya wajabta wa kowace jiha mutunta takardu da hukunce-hukuncen 'yar'uwarta. Ƙofar da ta fi girma ita ce gyara na 14, na 1868, wanda ya hana jiha tauye wa mutum 'yanci ba bisa ƙa'ida ba ko nuna masa bambanci a gaban doka. Da shi Kotun Ƙoli ta rushe dokokin jihohi 16 da suka hana aure tsakanin baƙi da farare, a shari'ar Loving ta 1967. Tun daga wannan hukunci, duk wanda ya ce "aure na jihohi ne" sai an tuna masa cewa da wannan kalma aka taɓa kare wariyar launin fata. Wannan tarihi nauyi ne da masu kare hurumin jihohi ke ɗauke da shi har gobe.

Akwai wani tarihin da ya girmi wannan, kuma na fi so ka riƙe shi. A 1856 sabuwar jam'iyyar Republican ta sa auren mace fiye da ɗaya a layi guda da bauta a cikin manufofinta, ta ce dukansu ragowar jahiliyya ne da ya kamata majalisa ta kawar daga yankunan da ba su zama jihohi ba. Da mabiya ɗarikar Mormon na Utah take. Majalisa ta yi doka a 1862, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a shari'ar Reynolds a 1879, ta ce imani daban, aiki daban. Aka ƙara tsananta dokar a 1882 da 1887, aka ɗaure magidanta, aka ƙwace dukiyar cocin. A 1890 shugaban cocin, Wilford Woodruff, ya sanar da daina ɗaura irin wannan aure, kuma Utah ba ta zama jiha ba sai a 1896, bayan ta rubuta haramcin a kundinta. Waɗanda suka matsa aka yi wannan Kiristoci ne masu kishin addini, kuma ƙarfin tarayya suka yi amfani da shi a kan wata al'umma mai addini. Za ka ga amfanin wannan labari idan mun zo 2022.

Rikicin zamaninmu a Hawaii ya tashi. A 1993 kotun ƙolin jihar ta ce hana masu jinsi ɗaya lasisin aure na iya zama nuna bambanci a ƙarƙashin kundin jihar. Hankalin jama'a ya tashi a sauran jihohi: kada mutane su tashi zuwa Honolulu su ɗaura aure, su dawo Georgia ko Texas su ce dole a amince da su. Wannan fargaba ce ta haifi dokar kare aure da aka fi sani da DOMA, a 1996. Ta wuce a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 342 da 67, a Majalisar Dattawa da 85 da 14, kuma Bill Clinton, ɗan Democrat, shi ya sa mata hannu. Dokar fuska biyu gare ta. Wani sashe ya ce babu jihar da za a tilasta wa amincewa da auren jinsi na wata jiha, wannan kare hurumin jihohi ne zalla. Wani sashen kuma ya ce a duk dokokin tarayya aure na nufin namiji da mace, ko da jiha ta ce ba haka ba, wannan kuwa tarayya ce ta yi wa kanta ma'ana, abin da ba ta saba yi ba. A lokacin ba wanda ya damu da saɓanin, don babu jihar da ke ɗaura irin auren.

Watan Nuwamban 2003 ne ya fallasa shi. Kotun ƙolin Massachusetts, da alƙalai huɗu a kan uku, ta ce kundin jihar bai yarda a hana su aure ba, aka fara ba da lasisi ranar 17 ga Mayun 2004. Watanni kaɗan kafin hukuncin, Kotun Ƙolin ƙasa ta riga ta rushe dokar Texas da ke hukunta luwaɗi. Manyan ƙungiyoyin Kirista, irin su Focus on the Family ta James Dobson da Family Research Council, da Majalisar Baptis ta Kudu da limaman Katolika, suka ce DOMA ba za ta tsaya a gaban alƙalai ba, sai an gyara kundin ƙasa. 'Yar majalisa Marilyn Musgrave ta Colorado ta gabatar da ƙudurin, wanda jimlarsa ta farko ke cewa aure a Amurka ba zai kasance ba sai tsakanin namiji da mace. Shugaba George W. Bush ya mara masa baya ranar 24 ga Fabrairun 2004.

A nan ne gidan ya rabu. Hujjar masu son gyaran tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Sun ce aure yana tafiya da mutum. Ma'aurata na ƙaura, suna haihuwa ko ɗaukar riƙo, suna mutuwa su bar gado a jiha uku. Ƙasa ba za ta daɗe tana da mutanen da suke miji da mata a wannan gaɓar kogi, baƙin juna a waccan ba. Ko ba daɗe ko ba jima ma'ana ɗaya za a samu, don haka tambayar ita ce wa zai rubuta ta, jama'a ko alƙalai tara. Suka ƙara da cewa gyaran kundi ba ƙwace ba ne, domin sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince, sannan jihohi 38 cikin 50 su sa hannu. Babu hanyar da ta fi wannan jin ta bakin jihohi. Akwai kuma hujjar addini tsantsa, wadda Sanata Rick Santorum, ɗan Katolika, ya fi kowa maimaitawa: jiha ba ta da 'yancin aikata ɓarna, kamar yadda Lincoln ya ƙi yarda kowane yanki ya zaɓar wa kansa bauta.

Ɗaya ɓangaren kuma ba masu goyon bayan auren jinsi ba ne. Bob Barr na Georgia, wanda shi ya gabatar da DOMA, ya fito fili ya yaƙi gyaran. Hujjarsa ita ce jimlar farkon nan ba alƙalai kaɗai za ta ɗaure ba, har da majalisar jiha da masu zaɓenta. Idan mutanen Vermont suka zauna suka zaɓi wani abu da ƙuri'arsu, gyaran zai hana su. Sanata John McCain ya ƙi ƙudurin a majalisa, ya ce ya saɓa wa tushen aƙidar jam'iyyarsa, amma a 2006 ya goyi bayan irin wannan haramci a kundin jiharsa ta Arizona. Mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, wanda ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata ke zaune da mace, ya ce shi ra'ayinsa a bar wa jihohi, alhali maigidansa na yaƙin neman zaɓe da akasin haka. Ron Paul na Texas ya ƙi gyaran, ya goyi bayan wata hanyar: a cire wa kotunan tarayya hurumin sauraron ƙarar da ta shafi sashen DOMA da ya ce ba za a tilasta wa jiha amincewa da auren jinsi na wata jiha ba. Ƙudurin hakan ya wuce a Majalisar Wakilai a Yulin 2004, ya maƙale a ta Dattawa. Akwai ma wasu ƙungiyoyin addini da suka ƙi gyaran ta ɗaya gefen, suka ce ya yi sassauci, domin ya bar wa majalisun jihohi damar ba masu jinsi ɗaya haƙƙoƙin aure da wani suna, kamar yadda Vermont ta yi a 2000.

Ƙudurin bai ko kusa ba. A Yulin 2004 ya samu ƙuri'a 48 a Majalisar Dattawa, alhali yana buƙatar 60 don a rufe muhawara, 67 don ya wuce, kuma sanatocin Republican shida na cikin waɗanda suka ƙi. A 2006 ya samu 49. A Majalisar Wakilai ya samu rinjaye sau biyun, amma bai kai kashi biyu cikin uku ba.

Da ƙofar tarayya ta ƙi buɗuwa, sai ƙarfi ya koma jihohi, kuma a can sun yi nasara ƙwarai. A 2004 kaɗai jihohi 13 suka sa haramcin a kundinsu ta ƙuri'ar raba gardama, 11 daga ciki a ranar zaɓen shugaban ƙasa. A 2008 har Kalifoniya ta bi sahu da kusan kashi 52 cikin ɗari, inda Mormon da Katolika da masu wa'azin bishara suka haɗa kuɗi da masu bi gida gida. Kafin ƙarshen 2012 kusan jihohi 30 sun yi haka. A waɗannan shekaru ne kalmar "a bar jama'a su zaɓa" ta zama taken kowa, har da waɗanda suka nemi gyaran kundin ƙasa jiya.

Abin da ya faru da Rick Perry a 2011 ya nuna iyakar taken. Yana gwamnan Texas, yana shirin neman shugabanci, majalisar New York ta halatta auren jinsi da ƙuri'ar zaɓaɓɓun wakilai, ba da hukuncin kotu ba. Aka ji Perry a wani taro a Aspen yana cewa wannan harkar New York ce, shi bai ga laifi ba, tunda ya yarda da gyara na 10. Santorum da shugabannin coci suka yi masa ca. Cikin 'yan kwanaki ya je ya yi hira da Tony Perkins na Family Research Council, ya ce ba auren yake nufi ba, kuma yana goyon bayan gyaran kundin ƙasa. Ka ga a nan babu alƙalin da za a ɗora wa laifi. Jiha ce ta zaɓa, kuma jiga-jigan ɓangaren ba su yarda ba. Wannan ne ya sa nake cewa ga mafi yawansu hurumin jihohi dabara ce ta yaƙi, aƙidar tana wani wuri.

Daga nan ruwa ya juya. Jihar Massachusetts da kanta ta kai gwamnatin tarayya ƙara a 2009, ta ce DOMA ta shiga huruminta, kuma a 2010 alƙalin tarayya Joseph Tauro ya ba ta gaskiya, ya kafa hujja da gyara na 10, wato makamin masu ra'ayin riƙau. Sai shari'ar Edith Windsor. Ita da Thea Spyer sun yi aure a Toronto ta Kanada a 2007, New York ta amince da auren. Spyer ta rasu a 2009 ta bar mata dukiya, tarayya ta ce ba ta san da aure ba, ta caje ta harajin gado dala 363,053 wanda da namiji ne ya bar mata da ba za ta biya ko sisi ba. Ranar 26 ga Yunin 2013 Kotun Ƙoli, biyar a kan huɗu, ta rushe ma'anar da tarayya ta yi wa aure. Mai shari'a Anthony Kennedy ya cika shafuka yana bayanin yadda aure ya kasance hurumin jihohi tun kafuwar ƙasar. Alƙalin alƙalai John Roberts, duk da ya saɓa, ya kama wannan bayani ya ce to jihohin da suka haramta ma suna da nasu hurumin. Antonin Scalia ya ce kada a yaudari kai, kalaman hukuncin a kan mutunci da daidaito za a ɗauka gobe a rushe dokokin jihohi. Scalia ne ya yi daidai. Cikin shekara biyu kotunan tarayya suka bi jihohi ɗaya bayan ɗaya.

Kotun ɗaukaka ƙara guda, wadda ke kula da Ohio da Michigan da Kentucky da Tennessee, ta tabbatar da haramcin waɗannan jihohi a Nuwamban 2014. Mai shari'a Jeffrey Sutton ya rubuta cewa irin wannan sauyi ya fi dacewa ya zo ta hannun masu zaɓe. Wannan saɓani tsakanin kotuna ya kai maganar Kotun Ƙoli. Wanda sunansa ke kan shari'ar, Jim Obergefell, ya ɗauki abokin zamansa John Arthur, wanda ciwon shanyewar jijiyoyi ya kwantar, a jirgin jinya daga Ohio zuwa Maryland a 2013, aka ɗaura musu aure a cikin jirgin a filin sauka, suka juyo gida. Abin da ya nema shi ne idan Arthur ya rasu a rubuta sunan Obergefell a takardar shaidar mutuwa a matsayin mijin da ya bari. Ka lura, matsalar nan ta aure mai tsallaka iyakar jiha ce, wadda masu neman gyaran kundi suka yi hasashe tun 2004. Ranar 26 ga Yunin 2015 kotu, biyar a kan huɗu, ta ce gyara na 14 ya wajabta wa kowace jiha ba da lasisi da amincewa da na wasu. Alƙalai huɗun da suka saɓa kowa ya rubuta nasa. Roberts ya ce lauyoyi biyar sun rufe muhawarar da jama'a ke tsakiyar yi, ya kuma yi nuni da cewa hujjar da aka kafa za ta iya hawa kan auren mace fiye da ɗaya.

Bayan hukuncin an gwada turjiya. Kim Davis, zaɓaɓɓiyar magatakardar gundumar Rowan a Kentucky, ta daina ba kowa lasisi, maza da mata ma, don kada sunanta ya hau kan takardar da imaninta bai yarda da ita ba. Da aka tambaye ta da ikon wa take hanawa, ta ce da ikon Allah. Alƙalin tarayya David Bunning ya tsare ta kwana biyar a Satumban 2015. Roy Moore, alƙalin alƙalan Alabama, ya umarci alƙalan gundumomi su ci gaba da bin dokar jiha, aka dakatar da shi a 2016. A doka ba su da madafa, domin tun 1958, a rikicin haɗa ɗalibai baƙi da farare a Little Rock, kotu ta ce jami'in jiha ba shi da ikon ƙin bin fassarar da ta yi wa kundi. Abin da ya yi aiki shi ne gyare-gyare marasa hayaniya. Kentucky ta cire sunan magatakarda daga lasisin. Alabama kuwa a 2019 ta soke lasisin gaba ɗaya: ma'aurata su cike fom, su sa hannu a gaban mai tabbatar da rantsuwa, su kai ofis a shigar a rajista. Jami'i ba ya ba da izini, ajiye takarda kawai yake yi.

Yanzu ga inda lamarin ya fi koyar da ɗalibin shari'a. Tun 2015 manyan nasarorin masu riƙo da addini duk daga kotun tarayya suka zo, kuma a kan jihohi da ƙananan hukumomi. Jack Phillips, mai gasa kek a Lakewood ta Colorado, ya ƙi yin kek ɗin bikin wasu maza biyu a 2012, lokacin da Colorado ɗin ma ba ta amince da auren jinsi ba. Hukumar jiha ce ta hukunta shi da dokar jiha ta hana nuna bambanci, Kotun Ƙoli ta cece shi a 2018. A 2021 ta bai wa hukumar jin ƙai ta Katolika gaskiya a kan birnin Philadelphia game da riƙon yara. A 2023 ta sake taka wa Colorado birki a ƙarar wata mai tsara shafukan intanet. A Yunin 2025, a shari'ar Mahmoud, iyaye Musulmi da Kirista na gundumar Montgomery a Maryland suka samu damar cire 'ya'yansu daga darussan firamare da ake karanta littattafai masu ɗauke da batun jinsi. 'Yancin addini da na magana suna cikin gyara na 1, kuma ba sa ɗaure jiha sai ta hanyar gyara na 14, wato ƙofar da Obergefell ya shigo ta cikinta. Mai bi a Texas yana son a bar wa jihohi. Mai bi a Colorado ko Maryland, musamman Musulmin da yake tsiraru a ko'ina, in aka bar wa jihohi komai shi aka bari a fili.

A Yunin 2022 kotu ta janye hukuncin da ya kare zubar da ciki ta mayar da batun ga jihohi, kuma mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta shi kaɗai cewa ya kamata a sake duba Obergefell. Majalisa ta yi sauri ta yi dokar mutunta aure, wadda Joe Biden ya sa wa hannu ranar 13 ga Disamban 2022. Ta wuce da 61 da 36 a Majalisar Dattawa, da sanatocin Republican 12. Dokar ta soke DOMA, ta ce tarayya za ta amince da duk auren mutum biyu da ya inganta a inda aka ɗaura, kuma kowace jiha dole ta amince da na wata. Ba ta tilasta wa jiha ba da lasisi ba. Ta kuma ce ba za a tilasta wa coci, masallaci ko cibiyar addini hidimar bikin da ba su yarda da shi ba, sannan ta fayyace cewa ba ta shafi auren fiye da mutum biyu ba. Limaman Katolika da Baptis na Kudu suka ƙi ta, suka ce kariyar ba ta kai ga mai shago ko ɗaiɗaikun mutane ba. Cocin Mormon, wanda ya yi ruwa ya yi tsaki a Kalifoniya a 2008, ya goyi bayanta, ya ce aƙidarsa a kan aure tana nan, amma ya karɓi kariyar. Ni ina ganin ba za a raba wannan zaɓi da abin da kakanninsu suka gani a ƙarni na 19 ba. Sun san yadda abin yake idan tarayya ta zama mai fassara aure kuma kai ne ba ka cikin masu rinjaye.

A nan ra'ayina yake. Masu neman gyaran kundi sun yi gaskiya da suka ce ƙasa ɗaya ba za ta daɗe da ma'ana biyu ba. Amma sun yi zaton rinjayensu zai ɗore, alhali binciken Gallup ya nuna goyon bayan auren jinsi ya tashi daga kashi 27 cikin ɗari a 1996 zuwa 60 a 2015, ya kai wajen 70 a 2021. Wanda ya wasa wuƙa ya rataye a zaure, ba shi ke zaɓen hannun da zai ɗauka ba. DOMA ta koya wa ƙasar cewa majalisar tarayya na iya yi wa aure ma'ana, kuma a 2022 majalisar ta sake yin hakan ta ɗaya fuskar. Su Barr da McCain sun yarda a rasa Massachusetts don a tsira da ƙa'idar cewa kowace al'umma ta tsara rayuwarta, kuma wannan matsayi ne kaɗai mutum zai iya riƙewa ranar da yake da rinjaye da ranar da ba shi da shi. Ban ce da an bi su da Obergefell bai faru ba, domin gyara na 14 yana nan ko da DOMA ko babu. Na ce dai da sun isa gaban kotu da baki ɗaya.

Kai da ke karatu a Najeriya ka san wannan gardama daga ciki. Kundin 1999 ya sa auren rajista a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya ware auren Musulunci da na gargajiya. Lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999 wasu jihohin Arewa suka bi, da hurumin jiha aka kafa hujja. Dokar hana auren jinsi kuwa, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 da hukuncin ɗaurin shekara 14, ta tarayya ce, kuma ba a yi ja-in-ja a kan hurumi ba saboda Musulmi da Kirista, Arewa da Kudu, duk sun dace a kanta. Batun hurumi ba ya zafi sai inda kan jama'a ya rabu.

Game da inda ake a yanzu: a Yunin 2025 babban taron Baptis na Kudu a Dallas ya nemi a janye Obergefell, majalisar wakilan Idaho ma ta yi irin wannan kira a farkon shekarar. A Nuwamban 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar ƙarar da Kim Davis ta shigar tana neman hakan. Ko da wata rana an janye shi, ba za a koma 2004 ba. Tsofaffin haramce-haramcen na nan a kundin jihohi da yawa, kuma za su iya farfaɗowa, ko da yake Nevada ta goge nata a 2020, Kalifoniya da Colorado suka bi a 2024, Hawaii ma a shekarar ta goge sashen kundinta da ya ba majalisarta ikon haramtawa. Texas za ta iya daina ba da lasisi, amma mutum biyu za su tsallaka New Mexico su ɗaura su dawo, kuma dokar 2022 ta wajabta wa Texas amincewa da takardarsu. Wanda ke son Texas ta samu ikon ƙin amincewa sai ya koma majalisar tarayya ya nemo ƙuri'a 60 a Majalisar Dattawa, ko kuma ya shawo kan kotu ta ce majalisar ta wuce huruminta.